Ƙarar da Na Ce Ban Ji Ba

Zuwa ga Ummi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, da fatan jirgin ƙasa ya sauke ki Lyon lafiya, kuma kin tarar da ɗakin naki a unguwar Bron kamar yadda aka nuna miki shi a hoto, ba rabinsa ba. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da maƙwabta nagari, Ya kare ki daga sharrin mutum, har da na wanda yake ƙaunarki.

Na cusa takardar nan a jakar kayan wasanki, ƙarƙashin safar hannu, don na san ita za ki fara buɗewa kafin akwatin littattafai. Ba labarin gida zan ba ki ba, tunda yau kika baro shi. Mamanki ta yi miki nasihar salla da abinci da samari, ta maimaita har sau uku, ba ta bar mini komai a wannan fannin ba. Ni abin da ya rage mini shi ne in nuna miki wuraren da na yi tuntuɓe. Da na zauna ina tuna su, sai na ga duk a jikin mutum ɗaya na yi su. Isuhu nake nufi, wanda kike kira Tonton, wato Kawu, wanda daga makon nan shi zai riƙa koya miki kurket. Ki karanta har ƙarshe kafin ki je filinsa.

Na zo Lyon daga Zariya ina saurayi, karatun fassara ya kawo ni, da 'yar jakata da girman kaina. Abu ɗaya na iya wanda babu Bahaushen da ya iya shi a garin, wato kurket. A makarantar kwana na koye shi, wurin wani tsohon malamin wasanni mai sa mu fararen kaya da tsakar rana. Da na gano wasu 'yan Pakistan da 'yan Sri Lanka suna bugawa ran Lahadi a wani fili a Bron, sai na zama ɗan gaban goshinsu. Ga baƙar fata ɗaya tilo da ya san yadda ake riƙe katako. Duk baƙon da ya zo sai an nuna masa ni, kuma na ji daɗin hakan fiye da yadda ya kamata.

Isuhu ɗan Maraɗi ne, yana karatun noma, ran Asabar kuma yana ɗaukar kaya a wani sito a Vénissieux. A masallaci muka haɗu. Wata Lahadi ba shi da abin yi sai ya biyo ni fili. Ya tsaya yana kallo, hannu a aljihu, can ya ce, "Malam, wanga wane irin wasa na? Mutum goma sha ɗaya sun taru bisa mutum biyu, kuma kowa da hwararen kaya kamar za a ɗaurin aure."

Na gyara tsayuwa na yi masa bayani. Na ce turaka uku ne a bayanka, mai jifa yana son ya kayar da su, kai kuma kana kare su da katako. In ka bugi ƙwallo ta yi nisa, kai da abokinka da ke ɗaya ƙarshen sai ku ruga ku sauya wuri, kowane sauyi maki ɗaya ne. In kuwa ƙwallo ta taɓa katakonka, ko da shafa ce, wani ya cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, to ka fita.

Ya ce, "Shi ke nan? Bon, ba ni iccen."

Na ba shi ina dariya. Ashe mutumin ya tashi yana korar tsuntsaye a gonar gero da majajjawa, idonsa yana ganin abu tun kafin ya iso. Bazara biyu kawai ya yi ya wuce ni. Ni da na shekara bakwai ina koyon yadda ake ajiye ƙafa, sai ga wanda yake kiran katako icce yana aika ƙwallo cikin bishiyoyi. Daga ranar farko yake ce mini Malam, har yau bai daina ba, kuma tun ina jin daɗin sunan har ya koma yana sukata.

Kuskurena na farko ke nan. Ban koya masa don ya iya ba, na koya masa ne don a ce ni na koya masa. Duk wanda ya yabe shi sai na tsoma baki na ce ai ɗalibina ne. Na yi ta faɗa har wata rana kyaftin ɗinmu, wani mai gidan abinci ɗan Lahore, ya dafa kafaɗata a gaban kowa ya ce, "To Bala, yaushe shi kuma zai fara koya maka?" Aka kwashe da dariya, na taya su, amma tuwon ranar bai wuce mini ba. Ummi, za ki koya wa wata abu a can, ko karatu ko wasa. Kafin ki buɗe baki ki tambayi kanki ko za ki iya jure ranar da za ta fi ki. In ba za ki iya ba, ki nemi Allah Ya gyara miki zuciya tukuna, don ranar tana zuwa, kuma da wuri take zuwa.

Cikin abubuwan da na koya masa akwai wanda ya kamata ki riƙe, don shi ne tushen maganar. Malaminmu na makaranta ya ce mana ɗan kurket na gaske ba ya jiran alƙali. In ka san ƙwallo ta shafi katakonka an cafe, sai ka sa katako a hammata ka fita da kanka, ko alƙali bai ji ba. Na ba Isuhu wannan labari ina hura hanci, don ya san wasanmu na masu mutunci ne. Ni kuwa tun da nake ban taɓa yin haka ba ko sau ɗaya. In ƙwallo ta shafe ni, ƙafata nake kallo ina gyara safa har alƙali ya girgiza kai. Shi sai ya ɗauki maganar da gaske.

Kuskure na biyu ƙarami ne a ido. Kin san in mutum biyu suna bugu, ransu a hannun juna yake, wanda ya ga hanya shi ke kiran gudu, ɗayan ya amsa nan take. Wata rana Isuhu yana cikin wasa mai kyau, 'yan kallo sai sunansa suke kira. Ya buga ya ce, "Zo!" ya taho a guje. Na ga akwai hanya, zan iya isa. Ban ce i ba, ban ce a'a ba, na dai tsaya cak ina kallonsa. Ya kai tsakiya ya ga ban motsa ba, kafin ya juya an kayar da turakansa. Da zai wuce ni sai ya ce, "Ba komi, Malam, ni na yi gaggawa." Ranar na gane cewa ina iya cutar da shi ba tare da na furta ko kalma ɗaya ba, kuma ba wanda zai kama ni. Don haka in abokiyar wasanki ta kira ki, ko wata ta nemi wani abu a wurinki, in ba za ki je ba ki ce a'a da ƙarfi, ki ce da wuri. Kada ki bar mutum a tsakiyar hanya da shirunki.

Yanzu ga babbar.

Shekarar da aka haife ki, kina ciki wata takwas, aka gayyaci kulob ɗinmu wata gasa a bayan garin Paris. Ƙungiyoyi sun zo daga Ingila da Beljiyam da Holand da wasu wuraren, kwana uku ana bugawa. A wurinmu babban abu ne, don an ce masu zaɓen 'yan wasan ƙasar nan za su zo kallo. Sai dai shekarar ba ta yi wa kurket daɗi ba. Labari ya cika duniya cewa an kama manyan 'yan wasa, irin waɗanda muke liƙa hotunansu a ɗaki, suna sayar da wasa ga 'yan caca. Wani ya karɓa don ya fita da wuri, wani don ya yi jifan banza. A cikin motar da ta kai mu fili ba a yi wata hira ba sai wannan, 'yan ƙasa kaza suna cewa 'yan ƙasa kaza ne suka fara, har aka kusa ba hammata iska. Kowa ya zama abin zargi. Ko ƙwallo ce ta suɓuce wa mutum sai ka ga ana kallon juna. Masu shirya gasar suka tara mu suka ce duk wanda ya ga abin da bai gane ba ya kawo rahoto, don ko a wannan ƙaramar gasa akwai wasu mutane a bakin fili da wayoyi a kunne suna caca a tsakaninsu.

Ran wasan kusa da na ƙarshe, da safe muna ɗaura kaya, sai ga wani dattijo ɗan Tawa mai shago a unguwar La Goutte d'Or cikin Paris. Ya ji labarin akwai Hausawan Lyon a fili, shi ne ya hau jirgin ƙasa ya zo da saƙo zuwa ga ƙanensa da ke unguwar Minguettes a Lyon. Kin san halinmu. Suka yi gaisuwa da Isuhu mai tsawo, hannu cikin hannu, ana tambayar gida da iyali da gajiya da sanyi, sannan dattijon ya ciro wani ƙunshi a takarda mai ruwan ƙasa ya miƙa masa. Isuhu ya karɓa da hannu biyu ya tura a jakarsa. Ina tsaye a wurin, na ji dattijon yana cewa kilishi ne da hotunan biki da wasiƙa. Har ya yago mini kilishin daga wani ƙunshin ya ba ni, na ci. Bahaushe ba ya ƙin karɓar saƙo, kuma ba ya buɗe shi. Amma wanda yake kallo daga nesa abin da ya gani shi ne wani baƙo ya fito daga wajen masu waya ya ba gwanin 'yan wasanmu ƙunshi.

Aka shiga wasa. Saura maki kaɗan mu ci, ni da Isuhu ne a ciki, kuma bayanmu babu sauran mai iya bugu. Yana wasan da ban taɓa ganin ya yi irinsa ba. Ina ɗaya ƙarshen ina kallon masu zaɓe biyu a kan kujerunsu, duk bugun da ya yi sai sun sunkuya sun rubuta. Ni ko sau ɗaya ba su ɗaga biro saboda ni ba. Ƙyashi ya cika ni.

Sai mai jifa ya sako wata mai sauri, ta wuce gefen katakonsa, mai tsaron bayan turaka ya cafe. Na ji ƙarar. 'Yar ƙarama ce, kamar an karya tsinken ashana, amma na ji ta sarai. Akwai iska ranar, alƙali bai ji ba. Mutum ɗaya ne cikin abokan hamayya ya ɗaga murya yana neman a fitar da shi, shi ma da sanyin jiki, alƙali ya girgiza kai. Na buɗe baki zan ce wa Isuhu ya tsaya, sai na ga ya sa katako a hammata ya kama hanyar fita. Kyaftin ya riƙe kai. Waɗanda suka biyo baya ba su daɗe ba, muka faɗi.

Kafin mu gama kwance kaya magana ta zaga. Ga mutum ya karɓi ƙunshi da safe, ga shi da rana ya fitar da kansa alhali alƙali ya ce bai fita ba. Bayan la'asar aka kira shi cikin wani tanti gaban mutum uku na kwamiti. Ya ce musu ƙwallo ta taɓa katakonsa. Suka ce ya buɗe ƙunshin, ya ce ba nasa ba ne, amana ce, sai dai su nemo mai shi. Dattijon kuwa ya riga ya koma shagonsa. Suka tambayi alƙali ya ce bai ji komai ba. Mai tsaron baya ya ce ba shi da tabbas. Saura mutum ɗaya da yake kusa, sai aka aiko a kira ni.

Na shiga. Isuhu yana zaune a gefe, da ya gan ni har ya saki ajiyar zuciya. Wani Bature mai furfura ya tambaye ni cikin ladabi ko na ji ƙwallo ta taɓa katako.

Na ce ban ji ba.

Ya ce mutumin da ya kawo ƙunshi fa, na san shi? Na ce yau na fara ganinsa. Ban ƙara ko kalma ba, alhali yajin kilishinsa bai gama barin harshena ba. Ban kalli Isuhu ba, takalmina na kalla.

Ba su ce ya yi ba, ba su kuma ce bai yi ba. Sun dai ce babu hujja, kowa ya tafi. Amma da aka fitar da sunayen waɗanda za a gwada don ƙungiyar ƙasa, nasa ba ya ciki, nawa yana ciki. Ummi, ba zan ɓoye miki ba, da na ga sunana daɗi na ji. Kunya daga baya ta zo, daɗin ne ya riga ta.

A jirgin komawa Lyon kujerarmu ɗaya. Na yi kamar ina barci har muka yi nisa. Da na buɗe ido sai na tarar yana kallona, ya ce, "Malam, iska ta yi yawa yau, ko? Mutum ba shi jin komi." Na ce ƙwarai. Shi da kansa ya nemo mini mafaka ya miƙo mini, ni kuma na shige. Kin san abin da na ji? Haushinsa na ji. Na ce a raina wannan mutum ko a wurin da na zalunce shi sai ya nuna ya fi ni. Da muka sauka bai wuce gida ba, sai da ya hau mota zuwa Minguettes ya kai wa mai saƙo saƙonsa.

Ga nasihata a nan, kuma ita ce dalilin takardar. Wata rana za a tambaye ki shaida a kan wadda ta fi ki, a aji ko a fili ko a wurin aiki. Ba za a ce ki yi mata ƙazafi ba, ai ke 'yar mutunci ce, ba za ki yi ba. Abin da zai zo miki ya fi wannan sauƙi. Za ki ga cewa in kika ce ba ki gani ba, ko ba ki tuna ba, shi ke nan an gama da ita, hannunki kuma a wanke. A wannan lokacin ki tuna ubanki a cikin tanti. Ki faɗi abin da kika ji, ko da faɗarsa ita za ta ɗaga ke ta bar ki a ƙasa.

Gwajin da na samu da wannan hanya, kwana ɗaya na yi a cikinsa. Ƙwallo ta huɗu aka tumɓuke mini turke, aka yi mini godiya, aka nuna mini tashar mota. Wurin da na ƙwace ban iya zama a cikinsa ba, kuma mai shi bai samu ba. A kulob ɗinmu ba a kori Isuhu ba, an dai daina sa shi a manyan wasanni. In ya shigo ɗakin sauya kaya sai hira ta mutu. Wasu suna tambayarsa da wasa ko akwai sauran kilishi. Bai ƙarasa bazarar ba ya daina zuwa.

Duk da haka ranar sunanki shi ya fara isowa. Shi ya je wurin mahauci ya ɗauko ragon, shi ya tsaya kan gashi a bayan gini tun safe har azahar. Ya ɗauke ki ya yi miki addu'a mai tsawo, kika yi shiru a hannunsa, ke da kika wuni kina tsala kuka a nawa. Baƙi suna ta cewa Bala ka yi dacen aboki. Ina amsawa da murmushi, a ciki kuwa ina jira ya tafi.

Kuskure na gaba ya fi kowanne tsawo, don shekaru na yi ina yin sa. Da na samu aikin fassara a Paris muka tashi, sai na mai da nisa hujja. Ya kira ban ɗauka ba. Ya aiko gaisuwar Salla na amsa da kalma biyu. Mamanki ta sha tambayata, "Wai kai me Isuhu ya yi maka?" Sai in ce aiki ne ya yi yawa. Ina jin labarinsa a bakin mutane, cewa ya tara 'ya'yan unguwa a Vénissieux yana koya musu wasa, maza da mata, har iyaye suna kai masa abinci fili. Kowane labari mai daɗi da na ji sai na nemo abin da zan rage masa, in ce ai wasan yara ne. Mutumin da ka zalunta ganinsa wuya gare shi, Ummi, kuma kullum wuyar ƙaruwa take. In kin ɓata wa wata, ki je mata a makon, tun ƙafarki tana iya zuwa.

Na ɗauka na rufe wannan babi, sai ke kika buɗe shi. Ni na fara sa miki katako a hannu a lungun gidanmu, kina fasa wa Mamanki kofuna. Ni na yi ta kai ki fili a cikin sanyi. Sai bara kika je wasan 'yan mata a Lyon kika dawo bakinki bai rufuwa. "Abba, na haɗu da wani abokinka, Tonton Isuhu! Il est génial, gwani ne na gaske, kallo ɗaya ya yi mini ya ce hannuna na ƙasa ya cika matsewa." Kika ɗauko katako a tsakar ɗaki kina nuna mini sabon riƙon. Kwana uku ba ki da zance sai nasa. Shekara goma sha biyar ina jefa miki ƙwallo, ban taɓa jin kin ce ni génial ba ne.

Kin tuna abin da na ce miki? Na ce riƙon nan na 'yan ƙauye ne, zai lalata miki wasa, ki koma yadda na koya miki. Kika yi mini biyayya, kuma wasanni uku a jere kina fita da wuri kina kuka a mota. Ina tuƙi ina ba ki haƙuri, alhali na san dalili. Gaskiyarsa ce, hannunki na ƙasa yana matsewa, kuma a wurina kika gaje shi. Ki riƙe yadda ya nuna miki. Wannan kuskuren ya fi na tanti ci mini rai, don wancan aboki na cuta, wannan kuwa 'yata. Daga yau duk wanda ya ba ki shawara, ko ni ne, ki duba ko amfaninki yake nema ko kuwa wani yake jin haushi.

Da takardar jami'a ta zo kika ce Bron kika zaɓa, na san ba don darasin kawai ba ne. Na kawo miki dalilai goma na zama a Paris, kika rushe su ɗaya bayan ɗaya. Dalili na gaskiya ban faɗa ba. Tsoro nake ji wata rana bayan wasa, kuna zaune a kan ciyawa, ki tambaye shi me ya sa bai taɓa buga wa ƙasa ba, shi kuma ya gaya miki.

Ran Talatar da ta wuce ina ofis da rana sai ga wayarsa. Wannan karon na ɗauka. Muka gaisa a gajarce, sai ya ce, "Malam, ɗiyarmu za ta zo. Ka kwantar da hankalinka, matata ta gyara mata wuri in ta so cin tuwo ran Lahadi." Na yi godiya. Sai ya ƙara da cewa, "Kuma zancen nan na Paris, c'est fini, ya wuce tun tuni. Ni ban hwaɗa mata ba, ba ni kuma hwaɗa mata. Uba ɗaya gare ta."

Ashe ya sani. Tun a cikin tanti ya sani, da ya ga ina kallon takalmi. Shekara goma sha tara yana riƙe da abin da zai rushe ni a idonki, kuma ga shi yana yi mini alkawarin zai ci gaba da riƙewa. Na ajiye waya. Zan so in ce miki godiya ce ta kama ni. Akwai godiya, amma kishin ya fi ta yawa. Na ga za ki zauna shekara uku kusa da mutumin da yake rufa wa ubanki asiri, kina girmama ni da girman da shi ya ara mini. Wannan ban iya haɗiye shi ba. Don haka kada ki ɗauka tsarkin zuciya ne ya sa na rubuto miki. Ko wannan takarda da kishi a cikinta, na ƙi ne ya fi ni har a wurinki. Amma abin da ke cikinta gaskiya ne, kuma daga hannuna kika same shi.

Abu ɗaya nake roƙonki. Saƙo zan ba ki, kuma kin san ba a ƙin saƙo. In kin je fili, bayan kin gaishe shi yadda ya kamata, kin tambayi iyalinsa, ki ce masa, "Abba ya ce in gaya maka ya ji ƙarar." Ki faɗa a gaban duk wanda yake wurin, kada ki ja shi gefe. Akwai biyu ko uku cikin tsofaffin 'yan kulob ɗinmu da har yanzu suke zuwa kallo, in suna kusa ya fi. Ni ma zan zo da ƙafata in faɗa, in Allah Ya ba ni ƙarfin hali, amma na san kaina, na sha ɗaura niyya tana kwancewa. In saƙon ya riga ni isa, ba ni da sauran wurin ɓuya.

Allah Ya ba ki ilimi mai amfani, Ya tsare miki lafiyarki da mutuncinki, Ya kiyaye fitarki da shigarki a garin da ba naki ba. Ya wanke miki zuciya daga ciwon da ya ci ubanki, Ya sa ki iya ganin alheri a hannun wani ki yi barci lafiya. Ya saka wa Isuhu da abin da ni na hana shi.

In kin gama karantawa ki kira Mamanki, tana nan ta ƙura wa waya ido. Ita ma ba ta san wannan labari ba, yau zan gaya mata kafin ki kira. Ni kuwa ba zan matsa miki ba. In kin ce a ba ni wayar, ina kusa. In ba ki ce ba, zan gane.

Wassalam.

Abbanki,
Bala